Ɗan Magini a Liktenstain

Mahaifina magini ne. Ya yi sama da shekara 40 a birnin Zariya yana ɗora tubali, yana ɗaurin guga, yana yaɓe da makuba. Tun ina ƙarami ya koya mini cewa in na shiga gari, kafin in kalli fuskokin mutanensa in fara duba gindin katangarsu. Ban gaji cuɗa ƙasa ba, zanen gine-gine nake koyarwa, amma wannan ɗabi'a ta bi ni. Da na je wani taro a Suwizalan a watan Satumba, ɗan yayata da ke karatu a Zurik ya tambaye ni inda nake so ya kai ni in an tashi, sai na ce ya kai ni inda akwai tsohon gini.

Ya ce, "Kawu, mu je Liktenstain. Ƙasa ce sukutum, kuma kwana uku sun ishe mu."

Masarauta ce da ke matse tsakanin Suwizalan da Ostiriya, cikin tsaunukan Alps. Faɗinta murabba'in kilomita 160, mutanenta wajen 40,000. Daga ƙarshenta na kudu zuwa na arewa bai cika kilomita 25 ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku na tafiyar Zariya zuwa Kaduna ba. Ba ta da filin jirgin sama, kuma ta sallami sojojinta tun 1868. Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa Sargans, tafiyar kamar awa guda, muka shiga bas ya haye kogin Rayin. Babu shinge, babu mai tambayar fasfo. Kuɗin ma na Suwizalan ne. Ban san mun canja ƙasa ba sai da yaron ya taɓa ni ya nuna mini ta taga.

Wani dutse ne tsaye shi kaɗai a tsakiyar kwari, irin tsayuwar Kufena sai dai ƙarami, a kansa kuma kagara mai hasumiya. Garin Balzers ke nan, kagarar kuma Gutenberg.

Tsayin dutsen mita 70 ne. Hanyar hawansa ta ratsa gonakin inabi, 'ya'yan sun nuna sun yi baƙi, an lulluɓe wasu da raga saboda tsuntsaye. Da muka isa farfajiyar waje, wadda ke buɗe ga kowa ba tare da biyan ko sisi ba, na juya na kalli ƙasa, nan take na gane dalilin ginin. Ga kogi a yamma. Ga hanyar da ta sauko daga mashigin tsauni na St. Luzisteig a kudu, wadda tun zamanin Romawa fatake da mayaƙa ke bi tsakanin Italiya da ƙasashen Jamus. Duk wanda ya riƙe wannan dutse ya riƙe hanyar. Mutane sun gane haka tun kafin a san ƙarfe, domin masu haƙar tarihi sun samu alamun zama a nan tun zamanin da ake sassaƙa makami da dutse. A 1932 aka tono wasu ƙananan mutum-mutumi na tagulla a gefen dutsen, cikinsu da wani mayaƙi mai hular kwano wanda bai fi tsawon tafin hannu ba.

A 1314 kagarar ta shiga hannun gidan Habsburg, masu sarautar Ostiriya, ta zauna a hannunsu shekara wajen 500 a matsayin ribaɗin bakin iyaka. Yaron ya ba ni wani labari da ake bayarwa game da yaƙin 1499. Wai dakarun da ke tsaron Gutenberg sun hango rundunar Suwizawa a ƙetaren kogi, suka riƙa yi musu kukan shanu, suna yi musu gorin kiwo. Suwizawa suka fusata suka ƙetaro. A yaƙin da ya biyo baya sun ƙone fadar Vaduz, garin da yanzu shi ne babban birnin ƙasar, sun kewaye Gutenberg, amma ba su ci ta ba.

Duk wannan na saurara, amma idona yana kan katanga. Akwai abin da bai daidaita ba. Daga ƙasa duwatsun sun yi duhu, manya da ƙanana a cakuɗe, yadda mai gini kan ɗora abin da hannunsa ya samu. Daga wani tsayi zuwa sama kuma jerin ya fi tsari. Hannu biyu ne, kuma tsakaninsu akwai zamani mai tsawo. Na ce wa yaron ya karanta mini allon bayanin da ke bakin ƙofa har ƙarshe, kada ya tsallake komai.

Abin da yaƙi ya kasa yi, sakaci ya yi. Da bindigogi suka ƙara ƙarfi, kagarar ta rasa amfaninta, aka janye masu tsaro, rufi ya fara yoyo. A watan Oktoba na 1795 gobara ta cinye Balzers. A kwarin nan akwai wata iska mai ɗumi da bushewa da suke kira Föhn, tana gangarowa daga tsaunukan kudu, in ta samu tartsatsi ɗaya sai abin da hali ya yi, kamar gobarar hunturu a kasuwa. Mutanen gari suka wayi gari ba muhalli, ga sanyi na tafe, ga duwatsu sassaƙaƙƙu jibge a kan tudu babu mai su. Suka hau da kekunan shanu suka yi ta kwasa. A 1824 garin ya sayi abin da ya rage, kango ne kawai. Sai a 1905 wani mai zanen gini kuma masassaƙi ɗan Vaduz, Egon Rheinberger, ya sayi kangon, ya yi shekara bakwai yana tayar da shi, ya gama a 1912. Gwamnati ta saye shi a 1979.

Yaron ya sauke wayarsa da yake ɗaukar hoto. "Kawu, ashe jabu ne? Rabinsa ma bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba."

Na ce masa, "Ɗana, soron kakanka fa? Lokacin yana raye, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi masa yaɓe. A fuskarsa babu ƙasar da ta kai shekara 20. Ka taɓa jin wani ya ce ba soron kakanka ba ne?"

Ya yi shiru. Amma tambayarsa tana da gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Rheinberger ya gina wasu sassa ne bisa yadda yake hasashen kagarar zamanin da, ba lallai yadda take ba, kuma masu gyaran kayan tarihi na yau ba za su yarda a yi haka ba. Duk da haka na fi son mutumin da ya tayar da kango ya yi kuskure a taga, da wanda ya tsaya yana kallo har tushen ya ɓace. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kekunan shanun nan. Na girma ina ganin ana zuwa da jakuna, daga baya da tifa, ana yankar ganuwar Zazzau ana kai ƙasar wurin gini. Na daɗe ina ɗauka cewa wannan ciwo namu ne mu kaɗai, cewa Turawa dutse ya cece su mu kuma ƙasa ta ci amanarmu. A kan tudun Balzers na ga ashe abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Mai buƙata ko ina yake, in ya ga gini ba mai shi, kwasa zai yi.

A gindin dutsen akwai cocin St. Nikolaus, na dutse, wanda aka gama a shekarar da aka gama kagarar. Ba mu daɗe a nan ba. Muka hau bas zuwa Triesen, muka bi wata hanya mai tudu tsakanin tsofaffin gidaje har ɗan cocin St. Mamertus, wanda tushensa ya koma ƙarni na 9 ko na 10, hasumiyarsa kuma ta ƙarni na 15. Bai fi zauren mai unguwa girma ba. Farar katanga mai kauri, tagogi ƙanana, babu ado. A rufe muka same shi. Na zagaya shi sau biyu ina shafa bangon, na ji tudu da kwarin yaɓen hannu a ƙarƙashin farar ƙasa. Muka matsa gefe kan ciyawa, yaron ya duba alƙibla a waya, muka yi La'asar, ƙararrawar wuyan shanu na kaɗawa daga saman tsauni.

A Triesenberg muka kwana, ƙauyen da ke rataye a jikin tsauni, kusan mita 900 sama da teku. Mutanensa ana kiran su Walser. Kakanninsu sun yi ƙaura ne daga yankin Wallis na Suwizalan wajen shekara ta 1300, aka ba su tuddan da ba wanda ke so, suka sare daji suka yi makiyaya. Har yau karin harshensu daban yake. Yaron da ke taƙama da Jamusancinsa ya ce in suna magana a junansu kaɗan yake tsinta. Kan hasumiyar cocinsu kamar albasa yake. Da dare muka ci käsknöpfle, 'yan curin fulawa da cuku da soyayyar albasa, bayan ya tabbatar mini babu naman alade a ciki. Da safe matar masaukin ta kawo mana ribel, tsakin masara da aka dafa da madara aka soya har ya warware. Cokalin farko na ce dambu ne, sai dai da sukari da madara ake ci. Ta ce abincin talakawa ne na zamanin da ƙasar ba ta da komai sai masara da shanu, lokacin da mazaje ke fita ƙetare ci-rani, da yawansu kuma aikin gini suke zuwa yi.

Lahadi muka sauka Vaduz, babban birnin, wanda a ƙafa za ka ratsa tsakiyarsa cikin minti goma. Fadar tana bisa wani gefen dutse, mita 120 sama da gari, duk inda ka tsaya tana kallonka. Muka bi hanyar ƙafa ta cikin itatuwa, kusan rabin awa, muna tsayawa ina hutawa. A bakin ƙofa aka tsaya, domin ba a shiga. Gidan zama ne, Sarki Hans-Adam na 2 da iyalinsa suna ciki. Sarautar tasu sunanta Fürst, wasu kan fassara da yarima, amma shi ne mai ƙasar. Yana kan gado tun 1989, ya kuma miƙa wa ɗansa Alois gudanar da mulki a 2004. Ranar 15 ga Agusta, ranar ƙasa, ake taruwa a filin da ke gefen fadar, da dare a kunna wuta a kan tsaunuka.

Tsohuwar hasumiyar tsakiya ta ƙarni na 12 ce, kaurin bangonta a ƙasa ya kai mita 4. Manyan hasumiyoyi biyu masu zagaye an ƙara su ne bayan ƙunar 1499, lokacin da aka gane cewa harsashin igwa yana zamewa a jikin bango mai lanƙwasa. Ita ma wannan fada ta ɗanɗana wulaƙanci. An yi barikin soja da ita, an yi kurkuku, har mashaya an buɗe a ciki, kafin Sarki Johann na 2 ya sa a gyara ta a farkon ƙarni na 20.

Yadda ƙasar ta samu sunanta ya ba ni mamaki. Gidan Liktenstain attajiran fadawa ne a Biyena, suna da filaye masu yawa a Ostiriya da ƙasar Cek, amma duk a ƙarƙashin wasu suke riƙe da su. Don su samu kujera a majalisar sarakunan daular da ta haɗa ƙasashen Jamus a lokacin, sai sun mallaki ƙasar da babu kowa tsakaninta da babban sarki. Sai shugaban gidan, Johann Adam Andreas, ya sayi yankin Schellenberg a 1699 kan gulden (kuɗin zamanin) 115,000, ya sayi Vaduz a 1712 kan gulden 290,000. Ranar 23 ga Janairu 1719 babban sarki Karl na 6 ya haɗe su ya sa musu sunan gidan. A nan ƙasa ce ta ɗauki sunan masu sarauta. Kuma saboda kujerar suke so, babu sarki mai ci da ya tako ƙasar sai a 1842. Wanda ya fara tarewa a fadar nan shi ne Franz Josef na 2, a 1938.

Amma me ya sa masu ƙasar na farko suka sayar? A nan labarin ya yi duhu, kuma tun da na ji shi ban ƙara kallon fadar da ido ɗaya ba. Gidan Hohenems ne ke riƙe da yankin tun 1613, bashi kuma ya yi musu katutu. A zamaninsu aka yi ta kama mutane da zargin maita. A azabtar da mutum har ya amsa abin da bai yi ba, ya kuma ambaci maƙwabtansa. A kashe shi, a ƙwace gonarsa da shanunsa, dukiyar ta tafi wurin hukuma. Mutum wajen 200 aka kashe, a ƙasar da jama'arta a lokacin ba su wuce 'yan dubbai ba. Sai da wasu suka tsere suka kai kuka gaban babban sarki, aka naɗa masu bincike, malaman shari'a na jami'ar Salzburg suka duba takardun shari'o'in suka ce an saɓa doka. A 1684 aka tuɓe Ferdinand Karl na Hohenems. Bashin da ya rage shi ya kai ga sayar da ƙasar.

Na zauna a kan wani benci ina kallon kwarin. Na tuna wata tsohuwa a unguwarmu lokacin ina yaro, ba ta da ɗa ba ta da jika, aka ce ta kama kurwar wani jariri. Na tuna yadda aka taru a ƙofarta, da yadda mahaifina ya sauko daga kan gini da ƙasa a hannunsa ya tsaya a bakin zaurenta har mai unguwa ya iso. Zargin maita a ko ina kan marar gata yake sauka, kuma sau da yawa akwai mai hangen abin da zai samu. Na yaba wa mutanen nan da ba su share wannan babi daga tarihin da suke ba baƙo ba.

Muka sauko zuwa cocin St. Florin bayan an tashi daga ibadar safe. A bakin ƙofa na sunkuya zan cire takalmi, yaron ya ce a hankali, "Kawu, a nan hula ake cirewa." Na cire na riƙe a hannu. Ginin ya yi kama da na shekara 600, amma a 1873 aka buɗe shi. Friedrich von Schmidt ne ya zana shi, wanda ya gina zauren birnin Biyena, ya kwaikwayi salon magabata da gangan. A 1997 Fafaroma ya ɗaga shi ya zama mazaunin babban bishof, bayan ƙarnoni ƙasar na ƙarƙashin bishof na Chur da ke Suwizalan. Na ɗaga kai na daɗe ina kallon rufin. Haƙarƙarin dutse suna tashi daga ginshiƙai, suna lanƙwasa, suna haɗuwa a tsakiya, su ɗauke nauyin su sauke shi ƙasa. Tunani ɗaya ne da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya da azara da ƙasa. Matsalar magini ɗaya ce a ko ina, yadda zai rufe fili mai faɗi ba tare da rufin ya faɗo kan masu ibada ba. Wani dattijo da ke jera littattafan waƙa ya gan ni ina zana layukan a ɗan littafina, ya yi murmushi ya kunna mana ƙarin fitila.

Gidan tarihin ƙasar yana kusa, cikin wani gini da katakonsa ya nuna shekarar 1438, wanda ya taɓa zama masaukin matafiya, gidan kwastan, da mazaunin gwamnati. Na ga mayaƙin tagullan Gutenberg a cikin gilashi. Abin da ya fi riƙe ni shi ne wani ƙaton zane na 1612 daga cocin Bendern, mai hotuna 24 na labaran littafinsu, wanda ake ratayawa ya rufe gaban coci a kwana 40 na azuminsu. Ga manomin da bai iya karatu ba, wannan zane shi ne littafinsa. Yaron ya matsa sai an buga mana hatimin ƙasar a fasfo a ofishin baƙi, faran 3 na kuɗin Suwizalan kowane, aka buga.

Da yamma muka taka zuwa tsohuwar gadar katako da ta haɗa Vaduz da Sevelen na Suwizalan. Tsawonta mita 135, an gina ta a 1901, ita kaɗai ta rage cikin gadojin katako na wannan sashe na Rayin. An yi mata rufi da bango kamar dogon zaure, don kada ruwa da dusar ƙanƙara su taɓa gungumen da ke ɗauke da ita. Mahaifina kan ce gini hula da takalmi yake so, wato rufi mai kyau da gindi busasshe. A tsakiyarta akwai alamar iyaka. Kogin a ranar kwance yake, ruwansa kore-kore, amma mutanen nan suna lissafa masifun ƙasarsu uku: Rayin, da zaftarewar laka da duwatsu daga tsauni, da iskar Föhn. A watan Satumba na 1927 kogin ya fasa madatsa a Schaan ya shafe kwarin arewa.

Litinin muka nufi arewan. A Schaan, gari mafi yawan jama'a, ɗan cocin St. Peter yana zaune a kan sansanin Romawa na ƙarni na 4, ana ganin ragowar katangar sansanin a gefensa, a ƙarƙashinsa kuma an tono kwarmin baftisma na ƙarni na 5. Motoci na wucewa ta gabansa, yara 'yan makaranta na zaune a kan dutsen Romawa suna cin burodi. A Bendern muka hau tudun coci inda mazajen yankin suka yi mubaya'a ga sabon mai ƙasa ranar 16 ga Maris 1699, mutumin da ba su taɓa gani ba, wakilinsa kawai ya zo.

Daga nan bas ya hau da mu Schellenberg. A tsakiyar ƙauyen akwai wani gidan manoma na gungumen katako da aka gina a 1518. An kwance shi an sāke kafa shi a wani wuri fiye da sau ɗaya, na ƙarshe a farkon shekarun 1990. A dokar da, fili na mai ƙasa ne, gida kuma kayan manomi ne kamar garmarsa, in ya tashi sai ya sa wa gungumen alama, ya kwance, ya ɗora a keke. A rufe yake ran nan, ta waje na duba yadda aka sarƙa kusurwoyinsa.

Kagarun ƙasar biyar ne. Biyu na tsaye, uku kangaye: Schalun a dajin saman Vaduz, wadda ƙafata ba ta kai ni ba, da biyu a nan Schellenberg. Muka je ta sama, wadda aka fara ginawa wajen 1200. An ƙone ta a 1405, aka gyara, aka watsar da ita a ƙarni na 16, daga baya ita ma mutanen ƙauye suka mai da ita wurin ɗibar dutse. A 1956 Sarki Franz Josef na 2 ya ba da kangayen biyu ga ƙungiyar tarihin ƙasar, wadda aka kafa tun 1901. Su ba su yi irin na Rheinberger ba. Sun haƙa, sun auna, sun tsayar da abin da ya rage a inda yake, ba su ƙara ɗaki ko ɗaya ba. Ga ƙofa, ga gindin hasumiya, ga layin ɗakuna ba rufi, ciyawa a share, babu mai karɓar kuɗi.

A can ƙuryar katanga muka ji ƙarar guduma. Wani magini ne, mai kimanin shekaruna, a kan ɗan tsani, da bokiti a gefensa. Yana ƙwaƙule tsohon kwaɓi daga tsakanin duwatsu da ɗan ƙarfe, ya share da buroshi, ya jiƙa, ya cusa sabo. Na tsaya a bayansa har ya juyo. Na ce wa yaron ya gaishe shi, ya ce masa ɗan magini ne ke yi masa sannu da aiki, ya kuma tambaye shi ko siminti ne a bokitin.

Mutumin ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ce farar ƙasa ce da yashi. Siminti ya fi dutsen tauri, kuma ba ya barin bango ya yi numfashi. Ruwa ya shiga ta sama ya rasa hanyar fita, sanyi ya zo ya daskare, ya faɗaɗa, ya tsaga dutsen. Ya nuna mini saman katangar, ya ce nan ne abokin gaba yake shiga, shi da saiwar ƙananan itatuwa. Na ce a gaya masa a garinmu ma haka ne: duk gidan ƙasar da aka yi wa filastar siminti, bayan 'yan damuna sai ka ƙwanƙwasa ka ji rami a ciki, wata rana fuskar ta zube gaba ɗaya. Ya saurara da kyau, ya tambayi abin da muke sawa. Na yi masa bayanin makuba, yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a yayyafa ruwan a kwaɓi. Ya sa yaron ya maimaita masa sunan sau biyu.

Na tambaye shi yaushe zai gama. Ya ce wannan kusurwa kafin sanyi, baɗi kuma wata kusurwar, in an zagayo sai a koma ta farko. Ya miƙo mini cokalin ginin. Na ɗebi kwaɓin na cusa a tsakanin duwatsu biyu, na danna da babban yatsa yadda na ga mahaifina na yi. Ya duba, ya gyara gefe ɗaya kaɗan, ya ɗaga mini kai.

A bas ɗin komawa Sargans ban yi magana sosai ba. Soron mahaifina yana nan a cikin birni. Tun rasuwarsa shekara shida ke nan ba a yi masa yaɓe ba. Indararon gabas ya karye, zanko ɗaya ya faɗi, kuma bara na ga tsaga ta sauko daga sama har kusa da taga. Mu magada muna ta cewa sai an zauna. Da muka wuce Balzers na sāke hango Gutenberg, rana na faɗuwa a bayan tsaunukan Suwizalan. Na karɓi wayar yaron na kira ƙanena. Bayan mun gaisa na tambaye shi ko tsohon yaron Baba, wanda ya iya ɗaurin guga, yana nan da ƙarfinsa. Ya ce yana nan, jiya ma sun haɗu a masallaci.

Na ce, "Ka je ka same shi gobe. Ka ce masa da zarar ruwa ya ɗauke a fara buga tubali, a kuma nemo makuba tun yanzu. Kuɗin indararo zan turo kafin in taso."